Laifin da Na Ɗora wa Amoksilin

Yaron ɗan fari ne, don haka ba zan faɗi sunansa ba. Wannan ce kaɗai kunyar ɗan fari da na iya riƙewa, sauran duk sun gagare ni. A Badarawa inda na tashi, mace ba ta rawar jiki a kan ɗanta na fari a gaban manya. Ko kuka yake yi sai ta kau da kai kamar na maƙwabta ne. Ni kuwa tun ranar da aka miƙo min shi ban ƙara kau da kai ba. Idan ya yi atishawa sai na taɓa goshinsa. Idan barcinsa ya yi nisa sai na kai yatsa bakin hancinsa in ji ko iska na fita. Inna, mahaifiyar maigidana, wadda muke zaune gida ɗaya da ita a Kasuwar Daji, ta yi min ba'a har ta gaji.

"Ke ɗiyar ga," in ji ta, "in kin ga dama ki maishe shi cikin cikinki, ki huta mu huta."

Yana wata biyar tari ya kama shi. Tsakiyar bazara ce, irin wadda ruwan randa ma yake ɗumi, kaji su buɗe baki suna haki a gindin rumbu. Ni dai abin da na tashi da shi shi ne tari daga sanyi yake zuwa. Sai na buɗe akwati na ɗauko wata rigar sanyi ta ulu, ruwan ɗorawa, da aka kawo min ranar suna. Hannunta dogo ne, kuma tana da hularta mai igiya da ake ɗaurewa a haɓa. Na saka masa su, na goya shi, na ƙara zane a kai. Inna ta ce zan dafa mata jika. Na ce gara zufa da tari.

Maigidan yana haya da babur tsakanin Kasuwar Daji da Kaura Namoda. Ranar ya biya kemis ya sayo magani, kwalba ce mai farin gari a ciki, a zuba dafaffen ruwa har kan layi a girgiza. Amoksilin. Shi ne sunan magani na farko da na haddace a rayuwata.

Kwana uku da fara ba shi, na tuɓe shi zan yi masa wanka, sai na ga jikinsa ya yi ja da ƙananan ƙuraje kamar an watsa masa gero. Ihun da na yi ya sa Inna ta baro tukunya ta zo da muciya a hannu. Kafin ka ce me, tsakar gidan ta cika da mata. A cikinsu akwai wata maƙwabciyarmu da ta taɓa jinyar ɗanta a Gusau, tun daga lokacin ita ce likitar layinmu. Ta duba yaron, ta duba kwalbar, ta girgiza kai.

"Maganin ga ne jikinai bai karɓa ba. Akwai waɗanda yake kashewa nan take. Allah ne ya yi da sauran kwanansa."

Ban jira ta rufe baki ba na tuttule sauran maganin a makwarara. Inna ta karɓe yaron, ta yi jifa da rigar ulun can gefe, ta wanke shi da ruwan randa, ta shafe shi da farar hoda, ta shimfiɗe shi tsirara a kan tabarma a inuwar zaure. Bayan kwana biyu ƙurajen suka baje. Tarin ma ya tafi da kansa. Ni kuwa na ɗauki abu guda na riƙe da hannu biyu: na kusa kashe ɗana da amoksilin.

Daga ranar na zama mai shela. Duk inda muka je, kemis ko wurin rigakafi, kafin in gama gaisuwa sai na ce, "Jikinsa ba ya karɓar amoksilin." Har mai awon nauyi na faɗa wa, wanda aikinsa kawai ya rataya yaro a sikeli. Maigidan ya ce wata rana zan faɗa wa mai sayar da rake.

Kuma tsoron bai hana ni neman magani ba, ƙara min ya yi. Da zarar hancin yaron ya fara zuba sai in hana maigidan sakat. Shi kuma ya je kemis ya isar da saƙona, mai kemis ya ce, to, bari a ba shi wanda ya fi wancan ƙarfi. A kawo wata kwalba mai sabon kwali. Wani ya sa masa zawo, wani ya tofar saboda ɗaci, wani ya sha lafiya lau. Ban iya karanta Turanci ba, karatuna bai wuce aji huɗu ba sai na allo. Amma ban taɓa yar da kwalin magani ba. Ina da wata langa a ƙarƙashin gado, a ciki nake jera su. Kowane kwali na san lokacinsa: wannan na ranar da ya fara haƙori, wannan na bayan ƙaramar salla, wannan na lokacin da muka dawo biki daga Shinkafi.

Da damina ta biyu ta kama, yana da shekara ɗaya da wata tara. Ya iya gudu, ya iya korar awaki, ya iya satar ƙuli a faifan Inna ya ɓoye a bayan tulu. Gero ya fara fitar da kai, gari ya yi kore. Sai wata Talata ya tashi da zazzaɓi da tari. Washegari ya ƙi kunu, ya ƙi ƙulin ma da Inna ta miƙa masa da hannunta. Abin da ya fi tayar min da hankali ba zafin jikin ba ne. Na san numfashin yaron nan fiye da nawa. Da na ɗaga rigarsa na ga cikinsa yana hawa yana sauka da sauri, kamar na ɗan akuyar da aka kora.

Na ce wa maigidan yau ba kemis ba, asibiti za mu. Ya dube ni, ya dubi yaron, bai yi musu ba. Na juye langar nan kaf a cikin leda. Inna ta yafa mayafinta ta ce da ita za a je.

"In ba ni nan, wagga ɗiya sai ta hwaɗa ma likita har ciwon da ba a yi ba tukuna."

Haka muka hau babur mu huɗu, da hantsi, hanya duk taɓo. Ina riƙe da yaron a ƙirji, Inna na bayana tana riƙe da ni tana salati duk ramin da muka faɗa.

A ƙaramin asibitin da muka je a Kaura, wata nas ce ke ganin yara. Kowa Sista yake ce mata. Kirista ce daga kudancin Kaduna, gajeruwa mai tabarau, ta daɗe a garin har ta san gaisuwar kowane ƙauye. Ta sa aka soki yatsan yaron aka duba, aka ce ba zazzaɓin sauro ba ne. Aka auna nauyinsa. Sannan ta ce in kwantar da shi a cinyata in bar shi ya yi shiru. Ta ɗaga rigarsa, ta ɗora agogonta a kan tebur, ta zuba wa cikinsa ido tana motsa leɓe. Haka ta yi ta ƙirga numfashinsa har minti ɗaya ya cika.

"Hamsin da biyu," in ji ta. "Yaro mai shekarunsa bai kamata ya kai arba'in ba. Nimoniya ce, ta kama masa huhu. Amma kin kawo shi da wuri, Maman yaro. Yana shan ruwa? Yana amai? Ya taɓa shiɗewa?"

Na ce yana sha, ba ya amai, bai shiɗe ba.

"To alhamdu lillahi," ta ce, kamar ɗaya daga cikinmu. Ta jawo takarda. "Amoksilin zan ba shi, na ƙwaya mai narkewa a ruwa."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye da yaron ba. Sai a lokacin na tuna cewa yau, saboda rikicewa, ita kaɗai ce a duniya ban yi wa shelar ba.

"Sista, don Allah a'a! Jikinsa ba ya karɓa. Ya kusa mutuwa."

Na zaci za ta yi yadda kowa ke yi, ta soke ta rubuta wani. Sai ta ajiye biron, ta cire tabarau, ta ce in zauna.

"Ba ni labari. Me ya faru daidai? Kada ki tsallake komai."

Inna ta ce, "Wayyo Sista, kin jawo ma kanki. Yau sai la'asar."

Ba wanda ya taɓa tambayata wannan. Na fara tun daga tarin. Tana tsayar da ni tana jefo tambaya. Ƙurajen sun fito a ranar da ya fara sha ne, ko bayan kwanaki? Na ce kwana uku. Manya ne masu tudu kamar cizon tururuwa, suna ɓacewa nan su fito can? Na ce a'a, ƙanana ne kamar gero, inda suke nan suka tsaya. Leɓensa ya kumbura? Idonsa fa? Muryarsa ta shaƙe, ko numfashinsa ya yi ƙara? Fatar ta saɓule, ko bakinsa ya yi gyambo? Duk na ce a'a. Yana ta dariyarsa ma a cikin ruwan wankan, ni ce mai ihu.

"A ina da ina suka fito?"

Na rufe ido, na ga jikin kamar yau ne. Na ce ƙirji da baya da wuya da hammata. Hannu ma, amma iyakarsu nan. Na kama wuyan hannun yaron na nuna mata. Na ce tafin hannunsa da bayansa ba ko ɗaya, kamar an ja layi. Fuska ma fes, sai dai goshi daga sama, da wani siriri da ya bi ta gaban kunne ya sauko haɓa. Ƙafafu babu.

Sista ta sake jefo tambaya.

"Wane wata ne?"

"Bazara ce. Ana saura kaɗan ruwa ya sauka."

"Me yake saye da shi?"

Kafin in buɗe baki Inna ta tafa hannu.

"Rigar ulu! Da hula mai igiya! Na hwaɗa mata, Sista, wallahi na hwaɗa mata za ta dahwa min jika!"

Sista ta yi ƙoƙari ta riƙe dariyar, amma ta ƙwace mata. Ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa ina zaune ina bin layin nan a raina: inda hannun rigar ya tsaya, inda bakin hular ya zauna, inda igiyar ta bi. Shekara ɗaya da wata huɗu hoton yana kaina, ban taɓa ɗora rigar a kansa ba. Rana ɗaya aka daina maganin aka kuma cire rigar, ni kuma na zaɓi wanda zan ɗora wa laifi.

"Ƙurajen zafi ne, ga dukkan alama," in ji Sista tana share ido. "Amma ba zan rantse a kan labari kaɗai ba. Tun daga lokacin me da me ya sha?"

Nan ne na ji daɗin kaina. Na kwance ledar na zazzage mata kwalaye a kan tebur. Ta ce, "Ikon Allah, kemis kika buɗe?" Ta fara ɗauka ɗaya ɗaya, tana karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin babban suna. Ta ware guda biyu gefe, wani mai ruwan bula da wani fari mai jan baki.

"Waɗannan fa? Me ya same shi da ya sha?"

Na ce mai ruwan bular na bayan ƙaramar salla ne, ya shanye kwalbar tas, sai ɗan zawo da ya yi. Farin kuma na dawowarmu daga Shinkafi ne, ba abin da ya yi masa, har lasar cokalin yake yi.

Ta juyo min da mai ruwan bular, ta ɗora farce a kan wata kalma.

"Kin ga nan? Amoksilin ne, an haɗa shi da wani abu da ke taimaka masa, aka sa masa sabon suna. Wannan farin kuma amfisilin ne a ciki, ɗan uwansa na jini. Gidansu ɗaya da penisilin, kakansu ke nan. Wanda jikinsa ya ƙi ɗaya da gaske, yawanci ba ya shan waɗannan ya kwana lafiya. Ɗanki ya sha abin da kike gudu har kwalba guda, ya lashe cokali."

Maigidan, da ke tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu, ya ce, "Ashe wanda ya fi ƙarfin shi ne dai ya sake riga."

Inna ta ce, "Kamar ɗan naka, shi ma duk rikicin riga ne."

Dariya ta so kama ni, amma yaron ya yi tari a ƙirjina, na ji zafin jikinsa ta cikin rigata, sai tsoron ya dawo sabo. Kaina ya yarda da Sista, cikina bai yarda ba. Inna ma ta lura. Ta matso da kujerarta.

"Sista, ni dai tsohuwa ce. Tunda uwar na tsoro, mi zai hana a yi mai allura? Wagga mai ƙarfi da aka yi ma ɗan maƙwabtanmu. A yi ta a gama."

"Mama," in ji Sista, "allurar da kike nufi ma danginsu ce, 'yar uwa ta nesa. Tana nan a kabad, ba rowa nake yi ba. Da ya kasa sha, ko yana amai, ko jikinsa ya saki, da tuni na tura ku babban asibiti an sa masa ita. Amma ƙwayar cutar da ta fi kama huhun yara irinsa, wannan ɗan maganin ya san ta sarai. Kai tsaye yake zuwa ya fasa mata bango ta mutu. Ita allurar ba ta zaɓe, da mai laifi da marar laifi duk takan share, har da masu amfani a cikin hanji. Kuma in muka riƙa fito da ita kowace rana, cututtukan za su saba da ita. Ranar da muke neman ta da gaske sai ta ƙi ci."

Ta tattara sauran kwalayen da gefen hannu.

"Yawancin waɗannan ma bai kamata ya sha ba. Mura ba ta jin irin wannan magani, da shi da babu duk ɗaya, kwana kaɗan ta wuce. Ba ƙarfi ake nema a magani ba, Mama, wanda ya dace da ciwon ake nema."

Sannan ta juyo gare ni, ta sassauta murya.

"Ba na ce tsoronki banza ba ne. Akwai mutanen da maganin nan ke kumbura wa fuska ya toshe musu maƙogwaro, kuma da sauri yake yi, ba ya jiran kwana uku. Don haka ga yadda za mu yi. A nan zai sha na farko, a gabana. Ku zauna a bencin can awa ɗaya. Ga allurar taimako a kusa da hannuna in wani abu ya taso. Kin yarda?"

Na dubi cikin yaron yana hawa yana sauka. Na ce na yarda.

Ta ce a nauyinsa ƙwaya biyu zai riƙa sha da safe, biyu da yamma, kwana biyar. Ta jefa biyu a ɗan kofi, ta zuba ruwa kaɗan, suka narke nan da nan, wani ƙamshi mai zaƙi ya tashi. Ta miƙo min. Ta ce ni zan ba shi da hannuna. Na yi bisimilla na kafa masa a baki. Ya yamutsa fuska, ya haɗiye, ya nemi nono.

Ban taɓa ganin awa mai tsawon wannan ba. Na zauna a benci na kafa wa leɓensa ido. Matan da ke layi suka tambayi abin da ake jira, Inna kuwa ta samu abin da take so. Ta ba su labarin rigar ulu tun daga farko, ta ƙara gishiri, ta ce har da bargo biyu da safa. Wata Bafulatana mai goyo ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ce ita ma nata na fari ta taɓa kai shi wurin mai magani don yana yawan hamma. Wata ta ce ita kuwa kwana ta yi tana kuka da ta ga maɗigar ɗanta na motsi. Kafin a jima bencin nan kowa na tona asirin kanta. Maigidan ya fita ya dawo da ƙosai a takarda, aka yi ta miƙawa hannu zuwa hannu.

Ni ban ci ba. Sau uku ina tashi in je wurin Sista.

"Sista, kamar leɓensa na ƙasa ya ƙaru."

Ta leƙo ta saman tabarau. "Haka Allah ya yi shi. Dubi na babansa."

Na biyu na ce ya yi barci, ko lafiya? Ta taɓa shi, ta saurari ƙirjinsa, ta ce barcin gajiya ne. Na uku na ga wani jan tabo a wuyansa. Ta duba da kyau, ba ta yi min dariya ba, ta ce shaidar ɗan kunnena ce inda ya kwantar da kai.

Da awa ta cika ta kira mu. Ta tuɓe shi tsaf, ta juya shi gaba da baya a gaban taga. Fata sumul, ba ko ɗigo. Na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina wanda ban san ina ɗauke da shi ba sai da ya tafi. Na fashe da kuka, ina kuka ina dariya. Inna ta ce, "To, ga ta nan. An ce lahiya lau, ita kuma yanzu ta fara."

Kafin mu tafi Sista ta koya min ƙirga numfashi. Ta ce sai yana kwance shiru, ba yana kuka ba, hawa da sauka ɗaya ke nan. Na ce ina rikicewa in na wuce ashirin. Ta dubi carbin da ke hannun Inna ta ce, "Ga abin ƙirga nan." Duk numfashi ɗaya in ja ƙwaya ɗaya, maigidan ya riƙe waya ya ce min tsaya in minti ya cika, sannan mu ƙirga abin da na ja. Ta ce in ƙasan ƙirjinsa ya fara lotsawa ciki, ko ya ƙi sha, ko ƙuraje suka fito, mu dawo a ranar, kada mu jira. In ba haka ba, ranar Asabar.

Washegari da safe na ja arba'in da bakwai. Da yamma arba'in da huɗu. Inna ta ce tunda aka sayi carbin nan bai taɓa shan aiki irin na makon nan ba. Ranar Juma'a zazzaɓin ya sauka, ya karɓi kunu ya sha rabin kofi, ya tofa min sauran a zane. Na ja talatin da takwas. Na ce wa maigidan a sake, wayarsa ce ta yi sauri. Aka sake, talatin da bakwai.

Ranar Asabar da muka koma, yaron bai bari an ƙirga da daɗi ba. Ya zame daga cinyata ya shige ƙarƙashin teburin Sista ya fito da takalminta ɗaya. Ta ce wannan ma awo ne, ya ci jarrabawa. Ta karɓi katinsa ta yi rubutu mai tsawo, ta ce ta rubuta cewa ya sha amoksilin a gabanta lafiya, duk wanda ya tambaya in nuna masa. Ta ce kuma kada in ga ya warke in tsaya, sai ƙwayoyin sun ƙare.

Aikuwa da muka dawo gida Inna ta ce, "Yaro ya miƙe. Ki aje sauran ga don wata rana, ba a san gobe ba."

Tun daga zancen rigar ulu ban ƙara yi wa Inna musu a kan komai ba. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri, Sista ta ce sai ya shanye. Na wata rana, in ta zo, sai an duba an ga ko irinsa ne."

Ta dube ni ta dube ni, sannan ta ce, "Oho. Yanzu kuma mun samu likita ta biyu a layi." Amma da yamma ita ta tuna min lokaci ya yi.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka yi ruwa aka ɗauke, tsakar gida na ƙamshin ƙasa. Na ɓallo ƙwaya biyun ƙarshe na narka. Wannan karon bai bari na riƙe kofin ba, ya fizge da hannu biyu ya shanye, ya leƙa ciki, ya miƙo min.

"Ƙaya," in ji shi. Ƙara yake nufi.

Na nuna masa takardar ƙwayoyin, duk ramukan a fashe. Na ce ya ƙare. Ya duba, ya sa yatsa a rami ɗaya, ya ga da gaske babu. Sai ya zauna daɓas a ƙasa ya buɗe baki ya tsala kuka, kuka mai ƙarfi da dogon numfashi, irin wanda ake ji har bakin titi. Maigidan ya fito daga ɗaki a guje da takalmi ɗaya. Ya tarar da ni da Inna mun jingina da bango muna dariya, ba wadda ta iya yi masa bayani.